Wanda ya faɗi zaɓe: ya kira ya taya murna, ko ya nufi kotu?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar Lahadi nake son mu zauna a kan wannan magana. Ghana ta yi zaɓen shugaban ƙasa ranar Asabar 7 ga Disamba 2024. Gari na wayewa, tun hukumar zaɓe ba ta ce uffan ba, Mahamudu Bawumia ya tara 'yan jarida ya ce ya sha kaye, kuma ya riga ya kira John Mahama ya taya shi murna. Sai ranar Litinin shugabar hukumar, Jean Mensa, ta karanto sakamako: Mahama kashi 56 da ɗoriya, Bawumia kashi 41 da ɗoriya. Ku tuna a lokacin Bawumia mataimakin shugaban ƙasa ne, jam'iyyarsa ce ke riƙe da mulki shekara 8. Na ga mutane sun rabu biyu, wasu na cewa dattaku ne, wasu na cewa ba shi da yadda zai yi ne kawai. To ya kuke gani? Wajibi ne wanda ya faɗi ya amsa, ko yana da damar ya ce bai yarda ba? Don Allah ban da zagi, ban da kama sunan ƙabila ko addini.

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam. Ni ƙuri'ata Bawumia na ba, kuma ba na ɓoyewa. Wallahi daren Asabar ban rintsa ba. Ina ta duba waya, duk inda muke tsammanin namu ne sai in ga lamba ta ragu, mutanenmu ba su fito ba. Da safe da na ji shi yana magana, na yi hawaye, amma sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Domin kafin nan samari na ɓangarorin biyu sun fara taruwa a cibiyoyin tattara sakamako, kuma a wasu wurare an yi rikici har da asarar rai. Da ya yi shiru kwana biyu, Allah kaɗai Ya san abin da zai faru. Abin da nake so ku lura da shi, bai ce ya amsa don kunya ko don a yabe shi ba. Cewa ya yi alƙaluman da jam'iyyarsa ta tattara da kanta sun nuna Mahama ya ci, kuma da rata.

Autan Zaure: Yaya Ɗan Zango, Allah Ya ba ku haƙuri. Amma ni fa wannan yabon da ake ta yi bai shige ni ba. An kayar da mutum da ratar kashi 15, me zai ce? Amsa kaye a zaɓen da aka yi maka adalci ba jarumta ba ce. Ku zo mu yi maganar inda aka murɗe. Ni 2023 ce ƙuri'ata ta farko a Najeriya. Tun da sassafe nake kan layi, aka ce mana da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, da IReV, shafin ɗora sakamako na hukumar zaɓe, maguɗi ya ƙare, daga rumfa za a ɗora hoton sakamako kowa ya gani. Ranar 25 ga Fabrairu na kwana ina buɗe shafin nan, na shugaban ƙasa bai hau ba, aka ce tangarɗar na'ura ce. Sai da asubar 1 ga Maris, mutane na barci, aka sanar Tinubu ya ci da ƙuri'a 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533. A irin wannan kuke so mutum ya ɗauki waya ya ce barka? Wanda ya taya ɓarawonsa murna ai ya ba shi lasisi ne ya dawo gobe.

Hajiya Babba: Auta, ɗana, na ji zafin da ke cikin maganarka, kuma ban raina shi ba. Amma bari in ba ka abin da idona ya gani. A watan Afrilun 2011, da aka fara jin sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya, irin kalmar nan taka samari ke faɗa, an murɗe, an murɗe. Kafin azahar hayaƙi ya tashi ko'ina. Akwai wata yarinya mai yi wa ƙasa hidima da ke haya kusa da mu, ta yi aikin zaɓe. Ta faɗo gidana ba takalmi a ƙafarta, jikinta na ɓari, har yanzu da tawadar zaɓe a yatsunta. Na tura ta ƙuryar ɗaki, na tura katifa na kare ƙofar, na cusa kakinta a ƙarƙashin kayan wanki. Kwana biyu tana ciki. Duk sanda aka buga ƙofar gida sai in ji numfashinta ya tsaya. Uwarta ta kira wayata ta fi sau ashirin, ba ma jin yaren juna sosai, kuka kawai muke yi. Ita ta tsira. Irinta guda goma a Bauchi ba su koma gida ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta sama da mutum 800 aka kashe cikin kwana uku a jihohi 12. A cikinsu babu ɗan takara ko ɗaya, babu ɗan ɗan takara. Shi ya sa ni duk wanda ya kashe wutar nan tun kafin ta kama, ina yi masa addu'a, ko ban zaɓe shi ba.

Autan Zaure: Mama, Allah Ya saka miki da alheri, wallahi jikina ya yi sanyi. Ni ban ce a ƙona gidan kowa ba. Amma kada a riƙa amfani da tsoron jini ana rufe mana baki, duk wanda ya yi ƙorafi a ce yana son tada fitina.

Malamar Tarihi: Ina ganin an haɗa abubuwa uku wuri guda: amsa kaye, zuwa kotu, da tura mutane titi. Na biyun ba kishiyar na farko ba ce, kuma Ghana ɗin nan da muke magana ita ce hujja. Bawumian da ake yabo yau, shi ne babban mai ba da shaida a ƙarar da Nana Akufo-Addo ya shigar bayan zaɓen 2012, a kan wannan Mahaman dai. Kwana da kwanaki yana tsaye gaban alƙalai 9 na Kotun Ƙoli, ana bin takardun sakamakon rumfuna masu ruwan hoda ɗaya bayan ɗaya, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Wata 8 aka yi, aka yanke hukunci ranar 29 ga Agusta 2013 cewa Mahama ya ci. A ranar Akufo-Addo ya ce bai gamsu da hukuncin ba amma ya karɓa. Shi kuma Mahama, yana kan kujera ya faɗi a 2016, ya kira Akufo-Addo. A 2020 da ya sake faɗuwa bai amsa ba, kotu ya tafi, ta kori ƙarar a Maris 2021, ya haƙura ya jira. Mutanen nan ɗaya ne, sun yi wannan sun yi wancan. Abin da ya bambanta lokutan shi ne abin da takardun hannunsu suka nuna musu.

Tsohon Ejan: Malama kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Sau uku ina zama ejan na jam'iyya a rumfa. Bari in gaya wa ƙanena Auta yadda abin yake daga ciki, domin yawancin masu ihun an murɗe ba su taɓa tsayawa har a gama ƙirga ba.

Zaɓe na biyu da na yi, na tabbata a raina akwatina tamu ce. Duk wanda na gaisa da shi a layi sai ya ɗaga mini yatsa ya ce muna tare. Aka rufe layi, aka zazzage akwati a kan tebur, magariba ta yi, muka kunna fitilun waya. Jami'in zaɓe yana ɗaga ƙuri'a ɗaya-ɗaya kowa ya gani, ana warewa, sannan aka ƙirga da ƙarfi, jama'a na amsawa. Muka yi gardama kan ƙuri'a bakwai da tawada ta ɓata, aka ajiye su a lalatattu. Da aka gama, an kayar da mu da ƙuri'a 43. A akwatin da nake kaɗa tawa! Na nemi a sake ƙirgawa, aka sake, haka ta fito. Hannuna na rawa na sa hannu a takardar, aka ba ni kwafina, na ninke na sa a aljihun gaba.

Washegari na je ofishin jam'iyya, na tarar ana cewa ko'ina an yi mana aringizo, har ana ambaton rumfata. Na zaro takardar zan nuna, wani ya riƙe hannuna ya ce mayar, ba yanzu ba. Wannan abu ya daɗe yana damuna. Kuma da aka zo haɗa takardu don zuwa kotu, sai ga shi rumfuna da yawa ba mu da ejan ko ɗaya. Wasu an rubuta sunansu ba su je ba. Wasu sun je, yunwa ta kore su tun la'asar don ba a aika musu komai ba. Ban ce ba a maguɗi ba, ana yi, na ga inda aka kori ejan da sanda, na ga inda lamba ta canza tsakanin rumfa da cibiyar tattarawa. Amma jam'iyyar da ba ta riƙe takardunta ba, ita kanta ba ta san ko ta ci ko ta faɗi ba. Shi ya sa ba ta iya amsawa da zuciya ɗaya, kuma ba ta iya tabbatar da komai gaban alƙali. Sai ta bar magoya baya da zafin rai kawai.

Ƙaramin Lauya: Yaya Ejan ya faɗi rabin matsalar, bari in ƙara ɗaya rabin, domin Auta ma yana da gaskiya. A Najeriya mai ƙara yana da kwana 21 ya shigar, kotun farko tana da kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60. Rumfunan zaɓe sun haura 176,000, kuma doka ta ɗauka sakamakon da hukuma ta bayyana daidai ne har sai ka kawo hujja, rumfa bayan rumfa, da shaidun da suka gani da ido. Ga kuma lokaci. A 2023 an rantsar ranar 29 ga Mayu, kotun ƙararrakin zaɓe ta yanke hukunci 6 ga Satumba, Kotun Ƙoli 26 ga Oktoba. Wato wanda ake ƙara ya yi kusan wata biyar a kan mulki, ya naɗa ministoci da hafsoshin tsaro. Kuma kotun ta ce doka ba ta wajabta wa hukuma tura sakamako ta intanet ba. Ko hukuncin daidai ne a shari'a, matashin da aka yi wa alƙawari da baki ba zai ji daɗinsa ba. A Kenya kwana 7 ne a shigar da ƙara, kwana 14 kotu ta gama, duk kafin rantsuwa. Mu ma mun taɓa yi: a 1979, shari'ar Awolowo da Shagari kan kashi biyu bisa uku na jihohi 19, Kotun Ƙoli ta gama ranar 26 ga Satumba, aka rantsar 1 ga Oktoba.

Autan Zaure: To Barista, ka ga abin da nake faɗa. Tun 1979 zuwa yau an taɓa soke zaɓen shugaban ƙasa a kotun Najeriya? Marigayi 'Yar'aduwa da bakinsa ya ce zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasu, amma kotu ta tabbatar da shi. In an ce mini je ka kotu, ji nake an ce je ka ka mutu.

Ƙaramin Lauya: Ba a taɓa ba, gaskiya ne. Amma a ƙarar Buhari ta wancan zaɓen, alƙalai 4 ne suka tabbatar, 3 suka ce a soke, a Disamba 2008. Alƙali ɗaya ne tsakani. Kuma daga ɓacin ran zaɓen na 2007 aka samu kwamitin gyaran tsarin zaɓe na Mai Shari'a Uwais da gyare-gyaren da suka biyo baya. A wasu ƙasashe kuwa an soke. Kenya, 1 ga Satumba 2017, Kotun Ƙoli ƙarƙashin David Maraga ta rushe nasarar Uhuru Kenyatta yana kan mulki. Malawi, 3 ga Fabrairu 2020, kotu ta soke zaɓen 2019 saboda an shafe lambobi da farin ruwan gyaran rubutu an sake rubuta wasu, aka sake zaɓe a watan Yuni, Lazarus Chakwera ya kayar da Peter Mutharika. Ka lura, a Malawi takardun rumfa ne suka yi magana.

Na Ƙetaren Iyaka: Salamu alaikum 'yan uwa, ina biye da ku daga Nijar. Ina so in ce wa masu yabon kiran waya su yi a hankali, kiran kaɗai ba ya wadatarwa. Yahya Jammeh na Gambiya ya kira Adama Barrow ranar 2 ga Disamba 2016, aka nuna a talabijin yana dariya. Mako guda bayan nan ya ce bai yarda ba. Sai da sojojin CEDEAO, wato ECOWAS, suka shiga sannan ya bar ƙasar ranar 21 ga Janairu 2017. Mu kuma a nan, zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021, hukumar zaɓe ta CENI ta ce Bazoum Mohamed ya samu kashi 55 da 'yan kai, Mahamane Ousmane ya ce shi ya ci. Aka yi tarzoma, aka rasa rayuka, aka kama ɗaruruwa, aka yanke intanet kwanaki. Kotun tsarin mulki ta tabbatar, aka rantsar 2 ga Afrilu, duniya na ta yabo wai karo na farko zaɓaɓɓe ya miƙa wa zaɓaɓɓe. Amma ciwon bai warke ba, an rufe shi ne kawai. Ranar 26 ga Yuli 2023 da soja suka karɓe, na ga mutanen da suka sha rana a layin zaɓe suna murna. Wannan ya ba ni tsoro ƙwarai, har yau.

Hajiya Babba: Wannan gaskiya ne ɗan'uwa. Kuma ina da magana da masu nasara, don kullum wanda ya faɗi ake wa wa'azi. Habaicin da ake yi bayan sakamako yana ƙona zuciya fiye da faɗuwar. A zo ƙofar gidan mutum da babura ana hon, ana kiɗa, a shiga Facebook ana ce masa ya je ya sha magani. Na san 'yan uwa ciki ɗaya da suka shekara ba sa gaisawa a kan haka. Wanda Allah Ya ba, ya ja wa yaransa kunne.

Malamar Tarihi: Hajiya kin tuna mini 2015. Mutane na tuna kiran da Jonathan ya yi wa Buhari ranar 31 ga Maris, amma suna mantawa da abin da ya kewaye shi. Tun watan Janairu 'yan takara suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja, kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar na ta zirga-zirga tsakaninsu. A safiyar ranar kiran, Godsday Orubebe, ejan ɗin jam'iyyar Jonathan, ya ƙwace makirufo a zauren tattara sakamako yana ta ihu, shugaban hukumar zaɓe Farfesa Attahiru Jega ya zauna shiru har ya gama, ya ba shi amsa a natse, aka ci gaba da karantawa jiha bayan jiha kowa na gani. Kafin a kai ƙarshe duk mai biro da takarda ya san inda aka dosa, Buhari wajen miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.8 da ɗoriya. Jonathan ya cancanci yabonsa, don yana da ikon da zai iya jawo fitina bai yi ba. Amma an share masa hanyar yin hakan. A Laberiya ma, Nuwamba 2023, George Weah ya amsa wa Joseph Boakai, ratar kuwa ƙuri'a 20,000 ce da 'yan kai. Wannan ya amsa maganar Auta ta farko, cewa sai an yi wa mutum rata yake amsawa.

Ɗan Zango: Har Amurka da ake koyi da ita ai ta ga duka biyun. Al Gore ya yi shari'a mako biyar a kan ƙuri'a 537 na Fulorida a 2000, da Kotun Ƙoli ta rufe ƙofa ya fito washegari ya amsa. A 2020 Trump ya ƙi, ƙararraki sama da 60 suka faɗi, ƙarshe magoya bayansa suka afka wa majalisa ranar 6 ga Janairu 2021.

Autan Zaure: Na ji duka, kuma na ƙaru, musamman da maganar Weah, ban san ratar ta kai ƙanƙanta haka ba. Amma ban sauka daga matsayina gaba ɗaya ba. A 2023 mutum miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 ba. Abokaina da muka tsaya layi tare, yawancinsu sun ce sun gama, ba su ƙara zuwa. Ba wanda ya ƙona ko taya a cikinsu, gida kawai suka koma. Wannan ma martani ne ga sakamako, kuma ba wanda ke lissafa shi. In ana so wanda ya faɗi ya amsa, a nuna masa takardar kowace rumfa a daren, a gama shari'a kafin rantsuwa. In ba a yi ba, ni ba zan zargi wanda ya ƙi kiran waya ba, muddin bai tura kowa titi ya mutu ba.

Mai Kula da Zaure: Auta, a kan sharaɗin nan naka na ƙarshe ban ga wanda ya saɓa maka a zauren nan ba. Na goge saƙonni biyu da suka kama sunan ƙabila, masu su sun san kansu.

Tsohon Ejan: Ƙanena, abokan nan naka ka lallashe su. Ba sai jam'iyya ta ba ka kati ba, ana barin mai zaɓe ya tsaya a ƙirga a gabansa, kuma ana manna sakamako a rumfar. Ka cika wayarka da caji, ka tafi da fitila, kada ka bar wurin sai ka ɗauki hoton takardar da sa hannu a jiki, lambobin sun fito sarai. Tawa ta wancan zaɓen tana nan cikin jakar takardun makarantar yara, duk ta koɗe a wurin ninki.

Autan Zaure: Yaya, don Allah ka ɗora mana ita mu gani. Ban taɓa riƙe irinta ba.

Tsohon Ejan: In sha Allahu gobe da safe. Bari in samu abin da zan rufe sunan rumfar da sunayen sauran ejan-ejan tukuna, don ban nemi izininsu ba.